Malam ya ce Girkanci karatun masu bautar gumaka ne

Assalamu alaikum. Shekarata 27, na yi digiri a fannin Larabci, ina koyarwa a wata sakandare mai zaman kanta a Zariya. Muna aji uku a jami'a, a darasin manɗiƙi, wato ilimin ƙa'idojin kafa hujja, na ci karo da kalmar Isaguji. Na tambaya, aka ce mini ba Larabci ba ce, daga harshen Yunanawa, wato Girkawan da, aka aro ta. Tun daga ranar abin ya shiga raina. Na karanta abin da hannuna ya kai gare shi na masanan falsafarsu Aflatun da Aristo cikin Larabci da Turanci, har na gangara kan waƙoƙinsu da tarihinsu. Yanzu fassara ta daina ƙosar da ni, ji nake kamar wani ne ke tauna mini abinci kafin ya ba ni. Ina so in ajiye aiki in tafi Ibadan in sake digiri daga farko a kan tsohon Girkanci. Mahaifina malamin zaure ne. Da na gaya masa sai ya yi shiru, can ya ce bai raine ni da Alƙur'ani don in ƙare a karatun masu bautar gumaka ba. Tun daga nan gaisuwa kaɗai ke haɗa mu. Ga shi an sa ranar aurena bayan Babbar Sallah. Abokaina kuma dariya suke yi, wai zan koyi yaren matattu. Don Allah hauka nake yi, ko in yi gaba abina?

Ɗalibi cikin ruɗani, Zariya

Wa alaikumus salam, ƙanena.

Ba hauka kake yi ba. Ka dai ɗaure kaya uku da igiya ɗaya, shi ya sa ka kasa ɗagawa. Koyon harshen daban, ajiye aiki daban, fushin Malam daban. Harshen kana iya soma shi gobe bayan sallar Asuba, ba ka nemi iznin kowa ba, ba ka kashe ko sisi ba. Ajiye aikin ban yarda da shi ba, aƙalla ba bana ba. Amma shirun da ke tsakaninka da mahaifinka ya fi komai damuna a wasiƙar nan.

Ina zargin da baƙon suna ka kai masa maganar. In ka ce wa malamin zaure za ka tafi Kudu ka karanta harshen Girka, abin da zai gani a ransa gumakan dutse ne tsirara, da ɗan da zai dawo yana musu da kowa. Alhali mutanen nan ya san su. Da sunan Yunan ya san su, suna nan cikin littattafan da ke jibge a bayan buzunsa. Babu yaron da ya zauna gaban Malam bai biya Ahalari ba. To, Abdurrahman al-Ahdari, mai wannan ɗan littafi na tsarki da salla, shi ne dai ya tsara manɗiƙi a waƙe a cikin littafinsa Sullam, a shekara ta 941 bayan Hijira, yana ɗan shekara 21, har yana neman uzuri a ƙarshen waƙar saboda ƙuruciyarsa. Abin da ke cikin Sullam kuwa jikan Isagujin nan ne da ya hana ka barci. Asalin kalmar eisagoge ce, ma'anarta shigarwa, sunan wani ɗan littafi da Furfuriyus mutumin Sur ya rubuta a ƙarni na 3 na Miladiyya don ya sauƙaƙa wa ɗalibai shiga manɗiƙin Aristo. Aka mayar da shi Suryananci, harshen Kiristocin Sham da Iraƙi, aka mayar da shi Larabci a zamanin Abbasiyawa, al-Abhari ya ari sunan a ƙarni na 13 ya sa wa nasa taƙaitaccen littafin, abu ya bi ayari har ya iso zaurukan ƙasar nan.

Ahdari bai ɓoye cewa akwai saɓani ba. Zance uku ya kawo: Ibnus Salah da Nawawi sun haramta, wasu sun ce ya kamata a koya, shi kuma ya rinjayar da halacci ga mai cikakken hankali wanda ya goge a Littafi da Sunna. Ka riƙe wannan sharaɗin, za mu komo kansa. Tun kafin shi ma an yi wannan ja-in-ja, kuma ɗaya daga cikin masu jan igiyar baƙon Kano ne. Shehu Magili, wanda ya sauka wurin Sarki Muhammadu Rumfa wajen 1492 ya rubuta masa nasihar mulki, da ya ji Suyuɗi a Masar yana haramta manɗiƙi sai ya aika masa da baitoci. Gundarin hujjarsa shi ne a karɓi gaskiya ko daga bakin kafiri ta fito, domin da gaskiya ake gane mutane, ba da mutane ake gane gaskiya ba. Suyuɗi ya mayar masa da amsa cikin waƙa shi ma, bai kuwa janye ba.

Ban kawo maka wannan don ka je ka ƙure Malam ba. In ka shiga zaurensa da hujjoji cike da aljihu kamar lauya, ko ka ci shari'ar ka yi asara. Ka lura kuma yana da manya a bayansa: Nawawi, Suyuɗi, da Ibnu Taimiyya da ya yi littafi sukutum na raddi ga masu manɗiƙi. Gazali ma, wanda ya ce ba a amincewa da ilimin wanda bai san manɗiƙi ba, shi ne ya bi masu falsafa mas'ala 20 ya kafirta su a uku: cewa duniya ba ta da farko, cewa Allah a dunƙule ya san abubuwa ba ɗaya-ɗaya ba, da musun tashin jikkuna. Tsoron Malam ba na banza ba ne. Ya ga yaran da suka fita neman ilimi suka dawo da raini, kuma da ka ce masa za ka bar albashi ana saura ƴan watanni ɗaurin aurenka, ai ka ba shi dalilin zaton ka fara.

Ka fara tura baffanka ko wani amininsa ya sassauta shi. Sannan ka ɗauki Sullam ka je ka roƙe shi ya biya maka daga baitin farko. In ba fanninsa ba ne, ya zaɓa maka malamin da ya yarda da shi. Da wannan ka cika sharaɗin Ahdari a gaban idonsa, kuma ka sa ƙofar da za ka bi zuwa Yunan ta zama ƙofar zaurensa.

Sai dai kada in yaudare ka, hujjar manɗiƙi ba ta rufe duk abin da kake so ba. Kai har waƙoƙin Homa, tsohon mawaƙin Yunanawa, kake so, inda allolinsu ke faɗa da juna, suna kishi, suna yaudara, kowa ya ɗauki ɓangare a yaƙi. A nan abin da zan tuna maka shi ne waƙoƙin jahiliyya. Malaman zaure sun daɗe suna biya su, suna fassara baitocin Imru'ul Ƙaisi waɗanda ba a karanta su gaban surukai, ba wanda ya ce sun koma bautar Lata da Uzza. Don harshe aka karanta su, da sanin halin ɗan Adam. In wata rana Malam ya tambaye ka me ke cikin Iliyad, waƙar Homa ta yaƙi, kada ka fara masa da Zus, babban allansu. Ka ba shi labarin ƙarshenta: tsohon sarki Firiyam ya fita da dare ya shiga sansanin abokan gaba, ya durƙusa ya sumbaci hannun mutumin da ya kashe masa ɗa, yana roƙon a ba shi gawar ya yi mata sutura, shi kuma makashin ya tuna nasa tsohon a gida, suka zauna suna kuka tare. Sulaiman al-Bustani ya mayar da waƙar baitocin Larabci, aka buga a Alƙahira a 1904, don haka kana iya karanta masa wurin da harshen da yake ji.

Maganarka ta taunannen abinci kuwa gaskiya ce, kuma manyan da suka fi mu sun ɗanɗana ta. Matta bin Yunus, wanda ya rasu a 940, da ya zo fassara littafin Aristo a kan waƙa, daga Suryananci ma ya ɗauko, ya tarar da kalmomi biyu na wasan kwaikwayo: mai ƙarewa da masifa da mai ban dariya. Bagadaza ba ta san dandalin wasa irin na Atina ba, sai ya fassara su da yabo da zambo. Ibnu Rushdi, da duk zurfinsa a Aristo, bai san Yunananci ba. A kan wannan fassara ya ɗora sharhinsa, yana kawo misalai da baitocin mawaƙan Larabawa, yana bayanin abin da mai littafin bai nufa ba. Wanda ya ga haka dole ya so ya leƙa tukunyar da kansa.

Kai Bahaushe mai Larabci ka fi ɗan Ingila kusa da harshen nan, ko da yake masu rubuta littattafan koyonsa ba su san da zamanka ba. Haruffa 24 ne, mako ɗaya ya ishe ka. Ka jera su ka ji: alfa, beta, gama, delta. Abajada ke nan. Ka gangara: kapa, lamda, mu, nu. Kalaman. Daga Finiƙiyawan gaɓar Sham Yunanawa suka karɓe su wajen ƙarni na 8 kafin Miladiyya, tushe ɗaya da na Larabci, suka mayar da wasu daga cikinsu wasula. Har ƙirga suke yi da su kamar masu hisabi: kapa 20, lamda 30, mu 40, nu 50. Harshen yana raba dogon wasali da gajere, har o biyu gare shi, omikron da omega, wato ƙaramin o da babban o. Yana da karin sauti, murya ta hau, ko ta hau ta sauko, abin da Bature ke karantawa a littafi ya sha wuyar furtawa, kai kuwa tun kana goye kake raba kuka na hawaye da kuka ta miya. Waƙarsu ma a kan doguwar gaɓa da gajera aka gina ta, kamar baharorin aruli, ma'aunan waƙar Larabci.

A nahawu, babin suna ba zai razana ka ba. Ka saba da rafa'u da nasabu da jarru, nan biyar ne maimakon uku, akwai musanna, akwai jinsi na uku wanda ba namiji ba mace ba. Fi'ili ne dodon. Bayan ma'alum da majahul akwai siga ta uku a tsakani, ta wanda ya yi abu don kansa ko a kan kansa, kuma kowane fi'ili sai ka haddace masa jiga-jigai har shida, waɗanda wani lokaci ko kama da juna ba sa yi: "ina ɗauka" fero ne, "zan ɗauka" oiso, "na ɗauka" enenka. A nan na faɗi a gwajina na farko, littafin ya shekara biyu yana shan ƙura kafin in koma masa, kuma har yau da ƙamus a gefe nake rarrafawa. Ibnu Sina ya ba da labarin kansa cewa ya karanta littafin Aristo na ilimin bayan ɗabi'a sau 40, har ya haddace bai gane ba, sai da wani dillali ya tallata masa ɗan sharhin Farabi a kan dirhami uku. Dirhamin nan ma drakma ce ta Yunanawa, kamar yadda alƙalami kalamos ne, wato kara. Ka ajiye wannan don abokanka masu yaren matattu, ka haɗa musu da falsafa da dimokuraɗiyya.

Yanzu aikinka. Sashen nazarin Girkanci da Latin na Jami'ar Ibadan yana nan tun 1948, ana kuma koyar da fannin a Legon da Cape Coast a Ghana, da Jami'ar Alƙahira. Ka ga ƙarancin wuraren koyo, haka wuraren ɗaukar aiki suke. Wanda ya gama, mafi yawa koyarwa ce ke jiransa, aikin da kake da shi a hannu yau. Ka bar albashi, ka ɗauki amarya ko ka bar ta a gidan Malam, ka shekara uku ko huɗu kana zama aji ɗaya da ƙannenka don takardar da ba ta fi wadda ke akwatinka daraja ba: sakin reshe kama ganye ke nan.

Abin da ya fi ba ni takaici a shirin naka shi ne yadda ya zubar da jarinka. Akwai littattafan Yunanawa da asalinsu ya ɓace, cikin Larabci kaɗai suka rage. Littafin Abuluniyus na lissafi a kan yankan mazugi juzu'i takwas ne: huɗu suna nan da Girkanci, uku da Larabci kawai, na takwas ya salwanta. Kashin ƙarshe na babban littafin likita Jalinusu a kan fiɗar jiki haka yake. Masu binciken wannan fanni a Turai da Amurka da girmansu suke fara alif ba, suna fama da abin da kai ka sha tun kana riƙe da allo. Masu Girkanci suna da yawa a duniya, masu Larabci sun fi su yawa, wanda ya haɗa biyun ne ake nema da fitila.

Saboda haka ka nemi digiri na biyu a Larabci, nan Zariya ko Kano, kana aikinka, ka zaɓi batun da zai tilasta maka Girkancin. Ga ɗaya kyauta. Kulliyyai biyar da ke cikin Sullam, wato kalmomin rarraba abubuwa, jinsi da nau'i da fasali da hassa da aradi, su ne dai kalmomi biyar da Furfuriyus ya gina littafinsa a kansu. Ta farkon genos ce a bakinsa, kuma masana harshe da dama na ganin daga ita jinsi ya fito, kalmar da muke faɗa kullum a Hausa. Ka bi biyar ɗin nan daga Girkanci zuwa Larabci, sannan ka zauna gaban malaman zaure ka rubuta da waɗanne kalmomin Hausa suke fassara su in suna biya wa ɗalibai. Wannan ilimi a baki yake, yana tafiya kabari tare da masu shi. Kana da ma'ajiyar rubuce-rubucen hannu a Gidan Arewa da ke Kaduna da kuma ta Waziri Junaidu a Sakkwato. Mutum na farko da za ka ɗauki bayani daga bakinsa kuwa, a gidanku yake kwana.

Shi harshen, ka ba shi shekara ɗaya ta gwaji, awa ɗaya a rana, da alƙalami da takarda, kana rubuta tasarifi kamar yadda ka yi wa fa'ala yaf'ulu. Ka fara da karin Atina na ƙarni na 5 da na 4 kafin Miladiyya, na Aflatun da Zenofon. Homa karinsa daban ne, ya jira. Kada kuma ka ruɗe da manhajojin waya masu koyar da Girkancin yau, wannan na zuwa kasuwa ne a Atina. Tsofaffin littattafan koyo irin na John Williams White na 1896 suna nan kyauta a intanet, haka ɗakin karatun Perseus na Jami'ar Tufts, inda za ka taɓa kalma ya buɗe maka ƙamus. Da Turanci suke bayani, ka daure da sunayen nahawunsu, ka rubuta na Larabci a gefe. Hunainu bin Ishaƙ, babban mai fassara na zamanin Abbasiyawa, ya ce ya bi Jazira da Sham da Falasɗinu da Masar har Iskandariyya yana neman littafin Jalinusu guda ɗaya, bai samu ba sai wajen rabinsa a Dimashƙa. Kai ɗan data kawai zai ci maka.

Abin da ake fara ba ɗalibi shi ne labarin Zenofon na sojojin haya 10,000 da suka bi wani yariman Farisa neman sarauta a 401 kafin Miladiyya, aka kashe shi kusa da Babila, suka rasa uban gida a tsakiyar ƙasar abokan gaba, suka nausa arewa a ƙafa har suka hango Baƙin Teku suna ihun "thalatta, thalatta", teku, teku. Daga baya akwai Hirodotus, marubucin tarihi, yana jiranka da labarin wasu samari biyar daga Libiya da suka ƙetare hamada har suka kai wani gari na baƙaƙen mutane a bakin babban kogi mai kadoji, mai gudu daga yamma zuwa gabas. Shi ya ɗauka Nilu ne, wasu masana na ganin Neja ne. In Babbar Sallar baɗi ta zo kana iya karanta shafi guda na Zenofon da ƙamus, to sai ka rubuta wa Ibadan da Alƙahira ka tambayi hanyar karatun gaba da digiri, da abin nunawa a hannunka. In kuwa littafin ya kwanta a wata na huɗu, kuɗin takarda kaɗai ka yi asara.

Wani abu da na gani ga masu sabon shiga: son Yunanawa yakan rufe musu ido. Atinar da ake yabo da mulkin jama'a ba ta ba mata da bayi da baƙi ƙuri'a ba, Aristo ya rubuta cewa wasu mutane bayi ne a ɗabi'arsu, kuma ƙuri'ar jama'ar ce ta yanke wa Suƙuraɗu, malamin Aflatun, shan guba a 399 kafin Miladiyya. Ka karanta su yadda ake cin kifi. Kada kuma ka mayar da kanka Suƙuraɗun majalisa, mai tsare dattawa da tambaya har sai sun ji kunya, don wannan ne ainihin abin da Malam ke jiran ya gani.

Ranar aure kada ka taɓa ta. Amma ka gaya wa yarinyar nan komai tun yanzu, da bakinka, har da yiwuwar tafiya karatu nan gaba, kada ta tsinta a bakin dangi. Awar bayan Asubar da na yanka maka ma, daga ranar da ta tare tana da haƙƙi a cikinta, sai ka roƙa.

Alhamis da Juma'a ba a karatu, ka bari sai Asabar. Ka zauna a sahun ɗalibai, can baya, ka jira layi ya zo kanka. In ya ɗago ya ce me ka kawo, ka miƙa Sullam da hannu biyu. Maganar Ibadan kada ta fito daga bakinka ranar.